Hujjar Kawu

Auta ce ta rubuta ƙofar da hannunta, shi ya sa da abu ya ɓaci ba ta da wanda za ta nuna wa yatsa.

Aikinta a sashen lissafi na jami'a shi ne kula da wata manhaja mai tantance hujjoji. Mutum zai rubuta hujjarsa mataki-mataki, manhajar ta bi ta duba. In babu kuskure ta nuna kore, in akwai ta nuna ja. Sai dai ƙa'idojin da manhajar ta sani kaɗan ne. Duk mai son ƙara mata sabuwar ma'ana ko ƙa'ida, dole ya bi ta wasu umarni da Auta ta tsara, waɗanda 'yan sashen ke kira ƙofa. Amfanin ƙofar shi ne ta tare duk abin da zai ci karo da abin da ke ciki.

Babu wanda ya mori ƙofar nan kamar Kawu, yayan mahaifiyarta, farfesan da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Shekara tara yana fama da mas'ala guda. Sai wata rana allon kwamfutarsa ya nuna kore daga farko har ƙarshe. Aka manna sanarwa, aka sa ranar laccar bankwana da zai gabatar da hujjar a cikinta kafin ritaya.

Ranar Talata da hantsi, Dogo abokin aikinta ya leƙo ofis yana dariya.

"Auta, zo ki sha kallo. Na kafa hujja cewa ɗaya daidai yake da biyu, kuma manhajarki ta sa hannu."

"Kai dai ba ka rabuwa da shirme," in ji ta, amma ta tashi ta bi shi.

Layi shida ne kacal. Ya shigar da wata ma'ana mai jingina da kanta, kamar mai ƙara ya tsaya wa kansa shaida, ƙofar kuwa ta bar ta ta wuce. Da Dogo ya ga fuskarta, dariyar ta maƙale masa.

Kafin a tashi daga aiki ta gano inda ta yi sakaci, ta gyara a kwamfutarta, sannan ta sake gwada duk hujjojin sashen. Duka suka tsallake, sai ta Kawu. Ta nuna ja a kan wata ma'ana da ya shigar shekara bakwai da suka wuce, wadda duk sauran aikin a kanta ya ɗora.

"Ba lallai ne sakamakon nasa ya zama ƙarya ba," in ji Dogo a hankali. "Sati biyu ya rage a yi laccar. Daga ni sai ke muka sani. Ki bari tsoho ya tafi da farin cikinsa."

Kwana biyu tana kauce wa hanyar ofishin Kawu. A na uku ta ƙwanƙwasa. Ta same shi cikin kwalaye, yana ɗaure littattafai da igiya.

"A'a, 'yar gidan Kawu! Zo ki riƙe min nan."

Ta durƙusa gefen tebur. "Kawu, na yi ɓarna."

Bai katse ta ba har ta gama. Ya ce ta nuna masa. Ya kai hancinsa dab da allon, don idonsa ya yi rauni, ya daɗe yana karantawa.

"Tun yaushe ƙofar take haka?"

"Tun ranar da na rubuta ta."

"Da ta hana ni a lokacin, da na sake hanya. Lokacin ina da ido."

Babu faɗa a muryarsa. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kin toshe?"

"A tawa kwamfutar kawai."

"To, toshe wa kowa. Yau ɗin nan."

Shi da kansa ya rubuta wa shugaban sashe ya janye aikin. Aka cire sanarwar. Ya kwashe kwalayensa ranar da aka sa za a yi laccar, ita ta kai shi gida a mota.

Wata huɗu tana zuwa gidansa duk Asabar da kwamfutarta. Ta karanta masa matakan da ƙarfi, ya faɗi abin da za ta gwada, ta gwada, manhajar ta nuna ja. Tun yana zuwa da dabara uku a rana har ya koma ɗaya. Wata Asabar ta fara karatu sai ya ɗaga hannu.

"Rufe abin nan, Auta. Yaya yaran? Babban ya daina tarin?"

Ta ce ya daina. Suka yi hirar tari da kuɗin makaranta da rufin ɗaki mai yoyo. Bai ƙara ɗauko zancen mas'alar ba, ita ma ba ta ƙara zuwa da kwamfutar ba.