Filin Yaya Ba Ƙofa

Na yi gyaran waya, na tuƙa babur, na sayar da takalma. Babu inda na cika shekara. Da na ce zan shiga harkar filaye, kowa a gidanmu ya yi dariya ban da Yaya.

Yaya tela ce. Tun rasuwar mijinta take haya a ɗaki ɗaya da 'ya'yanta biyu. Kekunan ɗinki biyu gare ta. Ta sayar da mai lantarkin, ta haɗa da ɗan abin da ta tara, ta damƙa mini.

"Auta, ba riba nake nema ba. Wurin da ba mai ce mini in kwashe kayana, shi ke nan."

Wani dillali ya kai ni bayan gari. Fili fetal, sai ciyawa da turaku huɗu na siminti. Na zaro takardar tambayoyina.

"Takardun fa?"

"Ga su."

"Ruwa yana kwanciya da damina?"

"Kai, yau na haɗu da lauya! Nan ko kwaɗo ƙishirwa ke kashe shi."

"Me ya sa ya fi na gefe araha?"

"Rabonka ne ya rantse, ranka ya daɗe."

Na biya kuɗin filin, ban tambayi hanya ba. Mun shigo da babur ta gabas, mun fita ta yamma. Ran nan ko'ina hanya ce.

Bayan wata tara na koma da magini da tifar yashi, sai muka ci karo da katanga. Muka zaga: gida, gida, sito, garejin gyaran mota. Direban tifa ya leƙo ta taga.

"Maigida, ina zan juye? Ko ta sama za mu jefa?"

Mai garejin ya ba ni tsani na hau. Ga turakuna huɗu can ciki, an zubar musu da tsofaffin tayoyi.

Magini ya duba zanen filin, ya yi tsaki. "Fili ɗaya aka yanka biyu. Mai gareji ya ɗauki bakin titi, kai aka sayar maka da bayan."

Na roƙi mai garejin ya bar mini ƙafa huɗu in riƙa wucewa.

"In rushe ramin gyarana? A'a, ɗan'uwa. Amma don tausayi zan saya a rabin kuɗi, in tara tayoyi."

Lambar dillali kuwa a kashe.

Na tarar da Yaya tana taka tsohon keken, ƙafarta a kumbure. Jikin bango ga zanen ɗaki biyu da ta yi da biro a bayan kalanda.

"An sauke yashin? Ka gaya wa magini ƙofata ta kalli gabas."

"Yaya, babu inda za a sa ƙofa."

Keken ya tsaya. Na faɗa mata komai a tsaye, ban iya zama ba. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta miƙe ta ciro zanen, ta juya kalandar ta rataye yadda take a da.

"Matsa, Auta. Ka tare mini haske."

Ta ci gaba da taka keken.