Damin Geron da Baba Kura Ya Yafe

Da Yagana ta fita takaba, sai ta hau acaɓa daga Roni zuwa Kazaure wurin Manasseh. Shi ba lauya ba ne. Sana'arsa ɗaukar nauyin shari'ar wanda ba shi da hali: ya biya lauya, in an yi nasara a ba shi kasonsa, in an faɗi asarar tasa ce. Shi ya sa ba ya karɓar ƙara sai ya juya ta ciki da bai.

Maganarta ta gona ce. Mijinta, marigayi Baba Kura, ya ara wa maƙwabcinsu ita da daɗewa. Maƙwabcin ya rasu, ɗansa Sama'ilu ya ce gadon ubansa ce. Ita kuwa da gonar take fatan ciyar da marayunta.

"Mama, sha ruwa tukuna," in ji Manasseh. "Ni tambaya gare ni kamar ɗan sanda, kada ki gaji. Da aka ba da aron, su wa ke wurin?"

"Liman da Malam Yakubu."

"Suna nan?"

"Liman ya rasu. Malam Yakubu kuwa ko 'ya'yansa ba ya ganewa yanzu."

Manasseh ya ce, "To, ai a wajenku mai aron gona yakan kawo damin gero ɗaya duk kaka, don gari ya san ba tasa ba ce. Ana kawowa?"

Fuskarta ta saki. "Ana kawowa, ɗana! A ka uban Sama'ilu yake ɗauko shi, ta gaban masallaci. Sai shekarar da aka yi fari, Baba Kura ya ce ya mayar yara su ci, kada ya ƙara wahalar da kansa, ai an zama ɗaya."

"Daga nan fa?"

"Ba a sake ba. Mijina mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji Manasseh, ya sunkuyar da kai. "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Alƙali zai tambayi mutanen unguwa abin da suka gani. Su kuwa sun tashi suna ganin Sama'ilu yana noman gonar, ba su taɓa ganin dami ya shiga gidanku ba. Ni na yarda da ke, amma yardata ba shaida ba ce. Ba zan iya ɗaukar wannan ƙara ba."

"Wato alherin da ya yi shi ne laifin?"

"Ba laifi ya yi ba, Mama. Amma damin nan shi ne shaidarku."

Hanyar gida ta bakin gonar ta bi. Ta sa ɗan acaɓa ya tsaya. Yaran Sama'ilu suna ɗaure gero. Yagana ta tuna ranar da aka mayar da damin. Ita ma har daddawa ta ƙulla wa maƙwabcin.

"Sannunku da aiki," ta ce.

"Sannu, Inna!" suka amsa da fara'a.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce wa ɗan acaɓa su tafi.