Tsiron da Inna Ta Barza wa Ekaju

Surukata Amongin, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta barza tsiron tamba sai ta ga ƙafar wanda zai sha giyar. Abin da ta fara koya mini ke nan da aka kawo ni gidansu a ƙasar Teso. Tsiro in ya bushe sosai, yakan zauna a rumbu har wata shekara bai yi komai ba. Amma da zarar ya hau dutsen niƙa, kwanansa ya fara ƙarewa. Da rani yakan yi 'yan makonni, da damina ko hakan ba ya kaiwa. In ya wuce, ajon, wato giyar tamba, ba ta tashi, sai tsami da warin fumfuna.

Sau ɗaya na ga ta karya dokar nan, saboda Ekaju, autanta, ƙanen mijina. Ya daɗe yana aiki a gonakin rake can wajen garin Jinja bai leƙo gida ba. Sai ga direban motar auduga da saƙo: Ekaju na tafe ƙarshen wata, har da yarinyar da zai aura.

Ranar Inna ba ta ci abinci ba don murna. Ta durƙusa gaban dutse ta barza tsiro ƙwarya guda, tana waƙa.

Maƙwabciyarta Adeke ta leƙo ta kan shinge. Tun suna 'yan mata suke tare, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba.

“Ke tsohuwa, baƙon ya iso ne?”

“Yana hanya.”

“Hanya? Wannan ɗan naki da in an aike shi rijiya sai an bi shi da abincin rana?”

“Ki kula da naki 'ya'yan,” in ji Inna, ba ta ko ɗago ba.

Wata ya ƙare, Ekaju shiru. Ruwa ya sauka, fadamar da ke tsakaninmu da garin Soroti ta cika, motoci suka daina wucewa. Inna ta zuba tsiron a tulu ta liƙe bakinsa da laka. Duk ranar da rana ta leƙo sai ta fasa lakar, ta baza shi a kan fata, ta zauna da tsumagiya tana korar kaji. Takan ɗebo a tafi ta miƙo mini.

“'Yar nan, shinshina. Lafiyarsa lau, ko?”

Da farko gaskiya nake faɗa mata, ƙanshinsa na nan kamar na gasasshiyar gyaɗa. Daga baya na koma cewa, “Da sauransa, Inna.” Ta san me nake nufi. Akwai tsiro a rumbu da ba a taɓa ba, amma ta ce wannan ne ta yi da sunan ɗanta.

Sai da aka shiga noman farko suka iso a ƙafa, taɓo har gwiwa, Ekaju ɗauke da akwati a ka, Nabirye, yarinyar da zai aura, a bayansa riƙe da takalmanta. Inna ta zuba tsiron nan a cikin soyayyen ƙullu, ta rufe tukunya. Muka jira. Tukunyar da ta saba yin ƙugi kamar cikin mayunwaci, ko motsi ba ta yi ba. Ga dattawan dangi an gayyato su ganin amarya.

Da safen ranar na tarar da Inna zaune gaban tukunyar, hannu a haɓa. Adeke ta shigo, ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar.

“Da wannan za ki tarbi surukarki? So kike ta koma garinsu ta ce a Teso ruwan wanki muke sha?”

Inna ba ta rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Adeke ta daɗe tana kallonta, sannan ta fita. Jim kaɗan sai ga ta da 'yarta sun kinkimo babbar tukunya, ajon ɗin da ta dafa don gayyar noman gonarta washegari.

“Kada ki gode mini,” ta ce. “Gobe duk wanda ya sha zai riƙe fartanya.”

Aka zauna ƙarƙashin mangwaro, aka zuba wa tukunyar ruwan zafi, kowa ya tsoma dogon bututunsa. Nabirye ba ta taɓa sha da bututu ba, sai ta hura maimakon ta zuƙa, tukunya ta yi kumfa. Dattawa suka yi dariya har da hawaye, ita ma ta rufe fuska tana yi. Inna ta matsa kusa da ita ta nuna mata yadda ake riƙewa.

Washegari gidanmu duka muka fita gonar Adeke, har amarya. Da rana ta take, abin da aka samu a ba manoma shi ne tukunyar Inna. Maza suka sha suna yamutsa fuska, suna cewa tun da aka haife su ba su taɓa yin noma a kan hukunci irin wannan ba. Ekaju kuwa ya ƙi ajiye bututu.

“Inna, tawa ce ai. Ni na sa ta jira.”

“Ajiye kafin cikinka ya ɓaci,” ta ce, amma ba ta karɓe ba.

Inna da Adeke sun rasu a shekara guda, ɗaya da shuka, ɗaya da girbi. Ekaju bai koma Jinja ba. Yanzu ni da Nabirye ne tsofaffin gidan, kuma ajon ɗinta ta fi tawa, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba.