Kalmar da Likita Ta Hana

"Ɗaga min kan nan, tela. Ke da kike yini kina taka keke, filo ne zai gagare ki?"

Maman Auta ta zura hannu ƙarƙashin wuyan maƙwabciyarta ta ɗaga. Kamar ta ɗauki tsumma. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana duba yara masu taɓuwar hankali a babban asibiti, wadda 'yan layi ke kira likitar mahaukata a bayan idonta, amma su lallaɓo mata da 'ya'yansu ta ƙofar baya, yau ciwon hanta ya cinye ta, saura idanu da baki.

Ɗakin na warin magani. A kusurwa ga kwandon kayan wasa, da 'yar tsana mai hannu ɗaya. Babu kujera ko ɗaya sai tabarma, don Likita ba ta yi wa yaro magana daga sama. A kan wannan tabarmar Auta ke zama tun bayan rasuwar babanta, lokacin da ta daina magana a gida, har ta kai ga uwar ta ga shatin reza a damtsenta. A nan kaɗai bakin yarinyar ke buɗewa.

"Yaya," in ji Maman Auta, "in kika tafi, wa za ta yi wa magana? Don Allah gaya min abin da take faɗa miki. Ni fa na haife ta."

"Ke kika haife ta, ni ta ba amana. Da ita za a binne ni." Likita ta ja numfashi. "Na haɗa ta da abokin aikina, ki riƙa kai ta. Amma shi ganin asibiti zai yi mata. Sauran naki ne."

"Ni me ban yi ba? Kullum cikin lallashi nake."

"Me kike ce mata?"

"In ce ta yi haƙuri mana."

"Sai ta yi me?"

"Sai ta yi shiru."

"To ai ta bi umarninki." Likita ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. "Ke a bakinki lallashi ne. Ita a kunnenta cewa kike, rufe min baki, kukanki ya fi ƙarfina. Na hana ki kalmar nan."

"To in ce me?"

"Kada ki ce komai. Zauna ƙasa. Na san da wuya, bakinki ya fi kekenki gudu."

Maganar ta soki Maman Auta har ƙashi. Wato ita ce ciwon 'yarta? Ta gyara mayafi ta fice, ko sai an jima ba ta ce ba.

Washegari da hantsi ƙanin Likita ya fito bakin ƙofa, hularsa a hannu. Daga ganinsa layin ya gane Likita ta rasu.

Maman Auta ta tuna jiya. Da fushi ta rabu da ita, kuma babu sauran damar gyarawa. Kafin azahar gidan ya cika, har da masu shigowa ta baya, yau ta gaba suka biyo. Auta ta tsaya jikin bango, ido a bushe. Kowace mace ta wuce sai ta dafa kanta.

"Yi haƙuri, 'yata."

"Haƙuri za ki yi, kin ji?"

Uwar na kallo fuskar yarinyar na rufewa. Can sai ta neme ta ta rasa.

Da gudu ta shiga gida. Aljihun keken ɗinki a buɗe, rezar da take farke ɗinki ba ta ciki. Ƙofar ɗakin Auta a kulle.

Ta ɗaga hannu za ta buga. Kalmar ta taho da kanta, har ta hau harshenta. Ta cije leɓe sai da ta ji gishirin jini. Sannan ta sulale ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofar.

Daga gidan Likita tana jin takun maza suna fita da gawa. Ba ta tashi ba. Siminti ya sanyaya mata cinya, ƙafarta ta yi tsami, hawaye na zuba a wuyan rigarta. Inuwar taga ta bar bango ta sauko ƙasa.

"Mama." Muryar ta dushe. "Kina nan?"

"Ina nan."

Sai wani ɗan ƙara a siminti. Rezar ta fito ta ƙarƙashin ƙofa, a bushe, 'yan yatsu biyu na tura ta. Yatsun ba su koma ba. Maman Auta ta ɗora nata a kansu.