Itacen Kabarin Ɗelu

Mushe Ibrahim, malamin aji, yana zana Tafkin Madarumfa a allo, yana nuna wa 'yan aji yadda bakin ruwan ke ja da baya in aka sare itatuwan gefensa, sai ya ji sara a waje. Kafin ya juya, rabin ajin sun fice daga rumfar karan da suke karatu a ciki.

Maza uku ne a gindin itaciyar bedi, wato dogon yaro, ta lakwal, makarantarsu. Ita kaɗai ta rayu cikin dashen da ajin ya yi, don yaran sun yi ta ɗauko mata ruwa a ka, kuma shi da bakinsa ya sa suka yi alkawarin ba mai taɓa ta. Ga shi yaran sun kewaye ta, Hauwa, sarkin taurin kai, ta rungume kututturen.

"Mushe, janye yaranka," in ji mai gatarin. Mahaman ne, kawun Hauwa. "Rasuwa aka yi. An gina kabari, itacen rufewa babu. Mun duba har bakin tabki, sai ƙirare."

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

Mahaman ya kawar da kai. "Inna Ɗelu."

Kakar Hauwa ke nan, wadda ta goya ta. Yarinyar ta yi ƙara, amma ba ta saki icen ba.

"Ke, sakar mini nan! Gawa na jiran mu cikin rana!"

"Mushe," ta ce cikin kuka, "kai ka ce ko wane ne ya zo, kada mu bari."

Lalle ya faɗa, har da bugun tebur, don magana a gaban allo ba ta da wuya. Yanzu kuwa tsoro ya kama shi. In ya hana, gari zai ce malamin boko ya hana gawa sutura. In ya bari, yaran nan ba za su ƙara yarda da bakinsa ba. Tuni mutane suka fara leƙowa ta kan shinge.

"Ba ni gatarin, Malam Mahaman."

Ya karɓa, ya wuce bedin, ya nufi rumfar ajinsu. Ya datse igiyar sandar farko, ya zare ta. Busasshiya ce, miƙaƙƙiya.

"Waɗannan za su yi?"

Mahaman ya gwada ta a gwiwa. "Za su yi. Amma me za ka ce wa direktan lakwal?"

"Wannan tsakanina da shi ne."

Suka zare sandunan duka, rufin karan ya zube a kan bencina. Sai a lokacin Hauwa ta saki icen, ta bi kawunta gida.

Sauran yaran suka yi cirko-cirko cikin rana. Daga nesa ga direkta nan yana tahowa da sauri, rigarsa na kaɗawa. Mushe Ibrahim ya share zufa.

"Ku ɗauko allo," ya ce, "ku jingina shi a jikin bedin. Ba mu gama darasi ba."