Ranar da Pilote ya Mutu

Da hantsin Juma'a Inna Souwaiba ta dire ƴar na'urar a kan tabul ɗin Saidou, a naɗe cikin ɗankwali kamar jaririya.

"In ji Hajiya, ka duba ta kafin la'asar. In ka iya."

Wannan "in ka iya" Saidou ya ji shi har cikin ƙashinsa. Shi ne mai gyaran salula da ordinater, wato kwamfuta, a wata rumfa bakin babbar kasuwar Agadez, kuma shi ne mai neman Aissa, ƴar autar Hajiya Ramata. Aissa ta yarda tuntuni. Hajiya ce ta tsaya a ƙofa. Duk lokacin da kawunsa Ɗanjuma ya aika a sa masa ranar zuwa neman aure, amsar ɗaya ce: a dakata tukuna. Yau ga Hajiya da kanta ta aiko aminiyarta da aiki. Ko makaho ya san jarrabawa ce.

Na'urar ordinater ce sukutum, amma ba ta wuce tafin hannu biyu ba, da ɗan ekran da maɓallai kamar ƙwayar wake. Ilyas ne ya kawo wa uwarsa ita. Shi ne ɗan farin Hajiya, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama na wata sosiyete mai haƙar ma'adinai can arewa, a sansanin da babu rezon salula ko na magani. Intanet ɗin sosiyete kawai ke akwai, shi ma ta manhaja ɗaya suke barin kira, ita ce ya saka a na'urar. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya kira, Hajiya ta danna kore ta ga fuskarsa. Da yake ɗan fari ne, bakinta ba ya kama sunansa. Pilote take ce masa, wato matuƙin avion, jirgin sama, har unguwa duka ta ɗauka.

Saidou ya kunna na'urar. Alamar wifi ba ta nan, kamar ba a taɓa halittarta ba. Ya shiga inda ake jera sassan na'ura, ya tarar da ɗan tambari rawaya zaune a kan katin wifi. Mizajur ce, sabuntawar nan da na'ura ke yi wa kanta, ta shigo jiya ta yi gyaran da ba wanda ya roƙe ta. Bai taɓa buɗe irin wannan ba, sai ya kira abokinsa Bashir a Yamai. Inna Souwaiba tana kan benci tana ɓantarar goro, kunnenta ɗaya a kasuwa, ɗaya a wajensa.

"Bashir, pilote ɗin ne fa. A'a, ya mutu murus. Na nema, ko alamarsa ban gani ba... Tun jiya. Mode avion? Na duba, avion ɗin ma ba ya motsi." Ya share gumi. "Na Hajiya Ramata ne fa. Wallahi ban san yadda zan faɗa mata ba."

Da ya waiwaya, benci babu kowa. Ya ce a ransa ta gaji da jira.

Duk wanda ya shiga lakkol ya yi boko, ya taɓa ordinater, ya san pilote a Faransanci sunan ɗan shirin nan ne da ke koya wa na'ura yadda za ta yi magana da kowane sashe nata. Inna Souwaiba ba ta shiga lakkol ba. Pilote ɗaya ta sani a duniya, ita ta yi masa wankan farko ranar da aka haife shi.

Saidou ya duƙufa. Na'urar ta ce za ta nemo sabon pilote da kanta, in dai an ba ta intanet. Wato sai ta kama intanet za ta sami abin kama intanet. Ya yi tsaki, ya sauko da shi ta salularsa, ya zuba a kile USB, ya cusa mata. Na farko da ya saka, ekran ya koma shuɗi, na'urar ta sume. Ya tashe ta, ya goge, ya saka wani. Wannan karon alamar wifi ta dawo, ta tsaya tana kallonsa. Amma ba ta ganin rezo ko ɗaya, har na salularsa da ke jingine a jikinta. To, ciwon ba na pilote kaɗai ba ne ke nan. Sai an buɗe ciki. Ladan ya yi kira, Saidou ya kulle rumfa ya tafi masallaci.

A hanyar dawowa ne mutane suka fara yi masa wata irin gaisuwa. Mai shayi ya dafa kafaɗarsa ya girgiza kai. Wani maƙerin azurfa da ba su taɓa magana ba ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya haƙuri?" Kafin ya tambayi haƙurin me, salularsa ta yi ƙara. Aissa ce, muryarta a dushe.

"Saidou, da gaske ne? Wa ya kira ka? A ina jirgin ya faɗi?"

"Wane jirgi?"

Kuka kawai ya ji. Sai benci ya faɗo masa a rai, da maganarsa da Bashir, kalma bayan kalma. Ya tattara na'ura da turnabis ɗin kwance kusoshi da hantsaki, ya haye kabu-kabu bai ko faɗi inda za shi ba. Mai moto ya ce, "Gidan rasuwar ko? Kai ne na nawa yau."

Ƙofar gidan Hajiya an riga an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, butar shayi na kan garwashi. Daga ciki ana jin ƙarar manyan tukwane. An kira lambar Ilyas an ji ta a kashe. Kullum a kashe take, amma yau kashewar ta zama shaida. Malam Inoussa, limamin unguwa, yana tsakiya da carbi. Kusa da shi Kawu Ɗanjuma ne, tsohon shofer na manyan motoci, ya zo gaisuwa da babbar rigarsa.

Saidou bai cire takalmi ba ya ce, "Jama'a, Ilyas bai mutu ba!"

Malam ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi dattawa. "Kun ji ɗan mutunci. Haka ake yi. Ba a jefa wa uwa labarin mutuwa kamar dutse. A ce yana jin jiki tukuna, a ce ba a tabbatar ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ta riga ta sani, ka huta."

"Malam, pilote na cikin na'ura ne ya mutu!"

"Cikin na'urar ya cika, an faɗa mana."

"A'a! Wani pilote ne daban. Har na saka sabo."

"Su dama ba sa rasa sabo," in ji wani dattijo da ɗaci. "Uwa ce ke rasa ɗa."

Aka yi salati gaba ɗaya. Kafin ya sake buɗe baki aka ce Hajiya na kiransa.

Tana zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta, Inna Souwaiba na riƙe da kafaɗarta. Matar da ke sa ƴan tireda rawar jiki ta koma ƴar mitsitsiya cikin mayafi. Ta sa aka kira Malam da Kawu Ɗanjuma bakin ƙofa.

"Yaron nan," ta ce, "Souwaiba ta gaya mini. Kai ka fara ji, ka ɗauki abin kai kaɗai, kana cewa ba ka san yadda za ka faɗa mini ba. Har yanzu ɓoye mini kake. Ni kuwa ina ta juya ka kamar waina. Malam, ku shaida. Idan an tashi zaman nan, kawunsa ya zo. Na yarda."

Saidou ya hango Aissa a bakin madafa, ya matsa kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"C'est le pilote wifi, Aissa. Na ordinater."

Kukan ya tsaya cak. Ta dube shi, ta dubi tukwanen shinkafa, ta sake dubansa.

"Saidou, yau sai na kashe ka."

Ta ruga ta durƙusa gaban uwarta tana bayani, Hausa na haɗuwa da Faransanci. Mata suka rungume ta, aka ce ta ruɗe, a kawo ruwa a shafa mata. Da ƙyar ta ƙwato kanta ta dawo, fuska jiƙe.

"Ba za su ji ba sai sun gan shi. In ya kira bai samu ba, sai wata Juma'ar. Hajiya da hawan jininta ba za ta kai ba. Ka gyara ta yanzu."

Ya zauna a zaure, ya jawo farantin shayi don zuba ƙananan kusoshi. Kawu Ɗanjuma ya biyo shi ya tsuguna. Shi ya yi yawon duniya da manyan motoci, tun a waje ya gane.

"Ɗana, kana nufin yaron na nan da ransa?"

"Lafiyarsa lau, Kawu."

"Alhamdu lillahi." Ya leƙa waje, ya dawo da kansa. "To mi ne ne na gaggawa? Ka ji abin da ta ce gaban liman. Yanzu kai ne ɗan albarka. In abin nan ya yi magana, ka zama sakaran da ya tara mata gari a banza. Ka bar na'ura ta huta zuwa gobe, mu kawo goro a yi fatiha, sannan a gano kuskure."

Turnabis ya tsaya a hannun Saidou. Gaskiya shawarar ba ta yi masa ɗaci ba. Sai daga ciki ya ji Hajiya, ba kuka take ba, wani nishi ne ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa. Ya sa turnabis a kusa ta farko.

Murfin baya ya ƙi tashi sai da ya zura farce. Rairayi ya zubo, don babu na'urar da ke kwana a Agadez ba ta ci rabonta ba. Ya fara cire igiyar bateri, ya hura, ya kai ido kusa. Katin wifi bai fi farcen babban yatsa ba. Wayoyin anten guda biyu ne ke shiga cikinsa, siraran kamar gashi, kowace da ɗan kai irin maɓallin riga. Baƙar tana wurinta. Farar ta fita tana lilo, bakin kan nata ya ɗan lotse. Wani ya taɓa yar da na'urar bai faɗa ba.

Ya kama kan da hantsaki. Ya kuɓuce. Ya sake kamawa, gumi ya ɗigo daga hancinsa kusa da katin. Da tsinin allura ya buɗe bakin da ya lotse, a hankali, don in ya tsage shi ke nan, babu irinsa daga nan har Yamai. Waje aka tayar da sallar la'asar. Ya daidaita kan a bisa gurbinsa, ya danna da bayan farce. Bai shiga ba. Ya ɗan karkata, ya sake dannawa.

Ƙas.

Ya mayar da bateri, ya kifa murfi ba kusoshi, ya ɗaure da roba. Na'urar ta ɗauki lokacinta tana tashi kamar sarauniya. Alamar wifi ta fito, sai ga sunayen rezo suna jeruwa, na gidan Hajiya a sama. Ya miƙa wa Aissa, ya ruga ya sami sahun ƙarshe.

An sallame, Malam ya ɗaga hannu ya fara addu'a ga mamaci, Allah ya haskaka kabarinsa, ko da yake ba a san inda kabarin yake ba. Jama'a na cewa amin, sai aka ji kiɗan kira daga cikin gida. Sannan ihu. Inna Souwaiba ta fito a guje tana a'uziyya, ta bi ta kan tabarmin maza.

Saidou ya shiga, Malam da Kawu na bayansa. Hajiya na riƙe da na'urar da hannu biyu. A ekran ga Ilyas, ƙato, yana cin sardin da burodi.

"Hajiya, ina wuni? Me ya tara mutane haka? Biki ake ba a gaya mini ba?"

Hajiya yatsanta kawai take shafawa a kan ekran. Aissa ce ta leƙo ta ba shi labari a gurguje. Ilyas ya yi dariya har burodi ya shaƙe shi.

"Wa ya zo gaisuwata? Ku juya in gani. Kai, har da Malam! An yanka wani abu?"

Sai da Hajiya ta sha ruwa, ta gyara mayafi, ta koma girmanta na da, sannan ta juyo ta nemi Saidou da ido.

"Kai. Da bakinka ka kashe mini ɗa tun hantsi."

"Hajiya, pilote ɗin..."

"Kar ka sake faɗin kalmar nan a gidana." Ta dubi Malam. "Maganar da na yi ɗazu, cikin ruɗu na yi ta."

Malam ya yi gyaran murya. "Hajiya, ke kika ce mu shaida. Mun shaida."

"Ni ma da kunnena," in ji Kawu Ɗanjuma da sauri.

"Hajiya, ki ba shi," Ilyas ya ce daga ekran. "Wani da ya sami wannan dama, da sai ya bar ni a mace har a ɗaura aure."

Kawu ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Hajiya ta daɗe tana kallon robar da ke ɗaure da na'urar. Ta sauke numfashi.

"Kawunka ya zo gobe. Amma shinkafar sadakar nan da aka dafa, ba za ta kwana a gidana ba. Kai za ka raba ta, kwano-kwano, gida-gida. Duk ƙofar da ka shiga ka tsaya ka yi musu bayanin wanda ya mutu."

Saidou ya ɗauki kwano na farko yana murmushi har kunne. Gidan da ke maƙwabtaka wata tsohuwa ce ta karɓa. Ya durƙusa ya yi mata bayani tiryan-tiryan: Ilyas na nan da ransa, yanzu ma aka gan shi yana cin abinci, wanda ya mutu wani ɗan abu ne da ke zaune cikin na'ura.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta buɗe kwano ta leƙa.

"Allah sarki," ta ce. "Shi ma ɗan wani ne. Allah ya jiƙansa."

Saidou ya duba layin gidajen da ke gabansa har ƙarshen lungu.

"Amin, Inna," ya ce, ya koma ɗauko kwano na biyu.