Uban Wa Ke Jikin Bango?

"Sauke hoton nan, Doreen, ko ni in sauke ki!"

Pauline Kwok ce ta daka tsawar, tana kaɗa sandarta a tsakiyar zauren unguwa. Ɗaliban sakandaren da aka kwaso suka watsake daga gyangyaɗi, kowa ya zaro waya.

Doreen Foo ta ƙanƙame lasifika. Yau aka fara ba ta dama ta gaya wa yaran Liverpool yadda aka kwashe ma'aikatan jirgin ruwa 'yan China bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar da su ba ko sallama, aka bar matansu suna zaton guduwa suka yi. Uwarta na ɗauke da cikinta aka tafi da ubanta. Gadonta kaf hoton nan ne, ba ta taɓa nuna wa kowa ba sai yau da ta sa aka faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa.

"Zauna, tsohuwar kawai. Ubana ne."

"Uban wa? Tun ina rarrafe yake kan durowar uwata! Dubi kunnuwansa, nawa ne sak."

"Waɗannan na jemagen? Kar ki zagi mamaci."

Dunne, malamin yaran, ya shiga tsakani. "Iyayena, ku yi haƙuri, darasin tarihi muke yi."

"To ga tarihi, yaro."

Pauline ta zazzage jakarta a kan tebur, ta tsamo ɗan hoto daga cikin magunguna. Hula ɗaya, wushirya ɗaya, murmushin nan na marar gaskiya.

Doreen ta jawo kujera ta zauna. Uwarta ta mutu tana rantsuwa bai taɓa kallon wata mace ba. Gidan su Pauline kuwa layi ɗaya ne tsakaninsu da nasu.

"Da wata nawa na girme ki?" in ji Doreen.

"Uku."

Doreen ta juya ta daɗe tana kallon fuskar da take yi wa kuka tun tana yarinya. Ta manta lasifikar a kunne take.

"Gwamnati ta zalunce ka, Baba, wannan ba musu. Amma da ta bar ka, da uwata ce ta kashe ka."

Zauren ya ɓarke da dariya. Pauline ta jawo kujera kusa da ita tana share hawaye. "Matsa mini, Yaya."

Sai ƙofa ta buɗe. Wani dattijo ya shigo yana jan akwati, takardar jirgin Singapore na lilo a hannun akwatin. Ya tsaya gaban hoton, ya rusuna sau uku, sannan ya dube su.

"Wa ya ba ku hoton babana?"